Hannun Jatau da Kan Burtu

A zamanin da, a wata ƙasa mai yalwar fadamu, an yi wani Sarki wanda fara ta cinye gonakin talakawansa shekara biyu a jere, macizai kuma suka yawaita har cikin rumbuna. Da ya tara malamai, suka gaya masa maharba ne suka ƙarar da tsuntsayen da ke cin waɗannan abubuwa. Sai ya sa aka yi shela: a harbi zabo da fakara da kurciya da dinya, in ba lokacin ƙwai ba. Amma shamuwa da balbela da gauraka da burtu, duk wanda ya kashe, ko aka same shi da wani sashe na jikinsu, za a sare masa hannun dama.

Tsoro ya kama maharba, domin ba mai shiga daji sai da kan burtu. Maharbi kan ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya tafi a sunkuye yana caccakar ƙasa, namun daji su zaci tsuntsu ne har ya matso. Kowa ya binne nasa, nama ya yi wuya a gari.

Akwai wani maharbi, Jatau, da matarsa Tasalla, 'yar masassaƙi ce. Shi kaɗai bai daina dawowa da barewa ba. Wata uku bayan shela, dogarai suka tare shi a ƙofar gari da hantsi, suka zazzage burgaminsa, jakar fatar da yake ratayawa, sai ga kan burtu ya faɗo, baki baƙi wuluk, wuya naɗe da jar fata.

Labari ya iske Tasalla tana daka. Ta saki taɓarya ta bi mutane zuwa fada. Ta tarar da mijinta a durƙushe, Hauni mai zartar da hukunci yana gefe yana wasa takobi a kan dutse. Duk ja ɗaya sai ta ji kamar a ƙirjinta ake yi.

Sarki ya ce, "Jatau, wannan naka ne?"

"Nawa ne, Allah ya ba ka nasara."

"Kana da abin cewa?"

Jatau ya ɗaga ido, ya hango matarsa cikin taro, ya girgiza mata kai kaɗan. Ya ce, "Ba ni da shi."

Waziri, dattijo ne mai lura, ya ga wannan girgiza kan. Ya ce, "Zaki, a yi mini izini. Na shekara talatin a nan, ban taɓa ganin wanda za a sare wa hannu bai roƙa ba. Wannan wani yake karewa." Sai ya ɗaga murya. "Hauni, kawo gungumen. Wanda ya san wani abu ya faɗa yanzu, domin hannu ba ya komawa."

Aka shimfiɗa hannun Jatau, aka ɗaure. Tasalla ta dubi yatsun nan da ke cire mata ƙaya a ƙafa. Ba ta san lokacin da ta ratsa maza ta faɗi gaban Sarki ba.

"Ranka ya daɗe, ba tsuntsu ba ne! Itacen kanya ne, ni na sassaƙa!" Ta nuna kan burtun. "Ranar shela maigida ya ce ba zai binne gadon kakansa ba. Na kasa cin abinci. Na faki idonsa na sassaƙa wani, na turara shi da hayaƙi, na mayar da tsohuwar fatar, na gaskiyan kuwa na binne shi a bayan rumbu."

Waziri ya zaro wuƙa ya kankari bakin burtun. Ɓawon itace ya nannaɗe ya faɗi. Fada ta ɗauki salati.

Sai Sarkin Baka, shugaban maharba, ya miƙe a fusace. "Allah ya ba ka nasara, wannan ya fi muni! A al'adarmu mace ba ta taɓa kayan farauta, sa'a take kashewa. Wadda ta taɓa, a fitar da ita daga gari, mijin kuma ya rabu da ita."

Sai a lokacin jama'a suka gane abin da ya rufe bakin Jatau. Tasalla ta sunkuyar da kai tana jira.

Waziri ya ce, "Sarkin Baka, cikin wata ukun nan barewa nawa ka kawo?"

"Ai daji ya lalace, Waziri."

"Nawa?"

"Ko ɗaya."

"Jatau fa?"

Wata mai sayar da tuwo ta amsa daga baya, "Goma sha ɗaya! Ni nake saye!"

Waziri ya ce, "To, in haka hannunta ke kashe sa'a, ina ma ta taɓa naka."

Dariya ta ɓarke, har Sarki ya rufe baki da hannun riga. Sa'an nan ya yanke hukunci: a kwance Jatau, dokar tsuntsaye tana nan daram, daga yau duk maharbin da zai shiga daji da burtun itace zai shiga, kuma Tasalla ce za ta sassaƙa, Sarkin Baka ne zai fara karɓa.

A hanyar gida Tasalla ta matso kusa da mijinta. Can ta ce, "Ashe ka sani?"

Jatau ya ce, "Tun ranar farko. Ya fi na kakana nauyi, kuma man kaɗanyar hannunki yake ƙamshi."

Ta duba baya ta ga ba kowa, sai ta kama hannun nan na dama, inda igiya ta bar shaida, ta riƙe har ƙofar gida. Masu ba da labari sun ce da damina ta zagayo, an sake jin kukan burtu a fadamun ƙasar, kuma ba wanda ya ɗaga baka.