Turakun Bagudu

An yi wani sarki a wata ƙasa ta bakin teku, sunansa Zubairu, mutum ne mai son adalci, sai dai kunnensa yana da saurin karɓar labari. Gaɓar ƙasarsa fadama ce mai laka, kuma tun kaka da kakanni ana cewa 'yan fashin teku sun binne tulunan zinariya a cikinta. Ba wanda ya taɓa ganin ko murfin tulu ɗaya, amma kowa yana da kakan da ya kusa gani.

Wata rana fadawa suka kawo wani tsoho mai dafa gishiri, ana ce masa Bagudu, suka ce sun same shi yana kafa turaku a fadamar, yana ɗaura musu jan ƙyalle, lalle alamar dukiyar yake yi wa kansa. Sarki ya ce ko ya nuna wurin, ko ya ƙare kwanansa a kurkuku. Tsohon ya rantse bai sani ba, fadawa suka yi masa dariya.

Waziri Mu'azu ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ba ni shi zuwa janyewar ruwa, in ga turakun da idona."

Da ruwa ya janye suka shiga, tsohon a gaba, Waziri yana taka sawunsa. Kowane turke suka isa, sai Bagudu ya tsaya, ya ambaci wani suna, ya yi addu'a. A na ƙarshe sai ya tsaya yana shafa ƙyallen da ya koɗe.

Waziri ya ce, "Baba, wannan fa?"

"Ranka ya daɗe, Sambo ne, ɗana. Bara ya fito neman tulunan, nan laka ta haɗiye shi. Mu a nan, inda ta ci mutum muke kafa turke, don na baya ya kauce."

Waziri ya koma fada zuciyarsa a karye, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, na ga abin da ke binne, ba zinariya ba ce, talakawanka ne goma sha bakwai. Da mun tsare tsohon nan, da gobe mun tura mutane su haƙa gindin turakun, wato daidai inda yake hana kowa takawa."

Kunya ta kama Sarki. Ya sa wa Waziri alkyabbarsa, ya ce wa Bagudu ya roƙi abin da yake so.

Tsohon ya ce, "Jan ƙyalle, ranka ya daɗe. Na kan Sambo rana ta cinye shi."

Lalle hukunci ba ya zama adalci sai mai yanke shi ya taka inda wanda ake tuhuma ya taka.