Gada Mai Tsaga a Kunnen Hagu

Akwai wani tsohon direban babbar mota da mutanen ƙauyensu ke kira Baba Sauri. Sunan bai faɗi ƙasa banza ba. Mutum ne da ke shan shayi a tsaye, in ya gaishe ka kuwa, kafin ka amsa ya sha kwana. Shekara talatin da biyu ya yi yana tuƙi. Ya ajiye mota, amma bai ajiye gaggawar ba.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda ta daɗe tana koyarwa a firamare, ita kuma komai nata a natse yake. Gidansu ne na ƙarshe a layin, daga shingen baya sai gonaki, sai daji. A wajen shingen ta ajiye wani tsohon baho shuɗi mai fasasshen baki. Kullum da yamma ta cika shi da ruwa, da sassafe ta zauna a kujera tana kallon masu zuwa sha: kurege, zabin daji, wani lokaci har zomo. 'Yarsu ta saya mata waya, ita kuwa ta cika ta da hotunansu.

A cikin baƙin nata akwai 'yar lele, wata gada, 'yar dabbar nan mai kama da ƙaramar barewa, mai tsaga a kunnen hagu.

Baba Sauri kan ce, "Ke dai Malama sai ke. Mutane na neman nama su ci, ke kina ba nama ruwa."

Ita dai sai ta yi murmushi ta ɗauki bokitinta.

Ana nan wata rana santsi ya kwashe ta a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka yi mata aiki a asibiti. Ranar sallama likita ya ja Baba gefe ya ce, "Za ta yi tafiya in ta dage da motsa ƙafar. Amma da sanda, kuma ɗingishin ba zai bar ta ba."

Baba ya dubi matarsa a kwance, tausayi ya hana shi faɗa. Da ta tambaye shi sai ya ce, "Ya ce wata biyu kacal za ki miƙe garau, kamar ba a yi ba."

Tagar ɗakinta ba ta kallon bayan gida. Kwana uku da dawowa ta miƙa masa wayar.

"Maigida, don Allah ka riƙa zuba musu ruwa. Kuma ka ɗauko min hoton gadata, in ga ko tana nan lafiya."

"Wannan ai ƙaramin aiki ne," in ji shi.

Ta fara yi masa bayani. Ta ce ya riƙa fita tun gari bai gama wayewa ba, kada ya sa fararen kaya, kada ya shafa turare, ya kashe ƙarar wayar. Kafin ta kai ƙarshe ya kai ƙofa.

Washegari sai da rana ta fito ya je, silifas na ta fat-fat, yana gyaran murya kamar zai yi jawabi. Ya tsaya minti biyar ya dawo da hoton baho. Rana ta biyu ya samo wutsiyar kurege. Rana ta uku ko wutsiyar bai samu ba, ga Malama ta kafe shi da ido duk shigowar da zai yi.

Nan dabara ta zo masa, irin dabarar da ke jefa mai ita a rami. Ya tafi shagon mai gyaran waya ya ce, "Nemo min hoton gada a intanet, mai kyau, tana shan ruwa." Cikin minti biyu aka gama. Ya dawo yana jin kansa gwani.

Malama ta karɓi wayar da murna. Ta duba, ta ƙara girman hoton da yatsu, murmushin ya fara dushewa.

"Ina bahona?"

"Ai... ta gefe na ɗauka."

"Kunnuwanta biyu lafiya lau. Kuma yaushe ciyawa ta yi kore haka a bayan gidanmu?"

Baba ya so ya mayar da abin wasa, amma ya ga hawaye a idonta.

Ta ce, "Shekara arba'in ban taɓa kama ka da ƙarya ba. In za ka iya yi min ita a kan dabba don ka faranta min, to me likita ya faɗa maka da ka ɓoye? Ba zan sake tafiya ba ke nan, ko?"

"Wallahi za ki yi!"

"Da me zan yarda?"

Ta juya fuska bango. Daga ranar ta daina motsa ƙafar. Sandar da aka ba ta a asibiti tana jingine a bayan ƙofa, ko kallonta ba ta yi. In ya lallashe ta sai ta ce, "Bar ni in huta, wahalar banza ce." Likita kuwa ya riga ya gargaɗe shi cewa in ƙafar ta daɗe a ajiye za ta sandare. Tsoro ya kama Baba Sauri irin wanda bai taɓa ji ba ko a kan hanya. Ya gane cewa da hannunsa ya rushe abin da matarsa ke dogara da shi.

Washegari ana idar da sallar asuba ya sa tsohuwar rigarsa mai duhu, ya cire silifas, ya zauna a kujerarta bayan shinge. Sauro ya yi biki a ƙafafunsa. Tari ya taso masa, ya danne shi har idonsa ya yi ja. Awa biyu ya yi, mutumin da ko layin mai ba ya iya jira.

Ya shiga ɗaki ya ce, "Yau ban ga komai ba sai ƙadangare. Ga shi."

Ba ta juyo ba.

Kashegari ya ce, "Zabi huɗu sun zo. Na yi atishawa sun gudu. Laifina ne."

Haka ya yi ta yi, abin da ya gani shi yake faɗa, ba ƙari ba ragi. A rana ta bakwai ta karɓi wayar ta duba hoton wani zomo da ya fito rabi. Ta ce, "Hannunka na rawa. Ka riƙa ɗora gwiwar hannu a kan shinge." Baba ya fita yana murna kamar an ba shi kyautar mota, don ta yi masa magana.

A rana ta goma sha biyu ciyawa ta motsa. Gadar ta fito a hankali, ta tsaya tana shinshina iska, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta daɗe ba ta sauke ba. Baba ya riƙe numfashi. Sai da ta sa baki a bahon sannan ya danna.

Hoton bai yi kyau ba. A karkace yake, ga babban yatsansa ya rufe kusurwa ɗaya. Amma ga shuɗin baho, ga tsagar kunne.

Malama ta daɗe tana kallo, tana dariya tana share hawaye. "Ita ce. Har ta yi ƙiba, ja'ira."

Sannan ta ajiye wayar ta dube shi. "Yanzu faɗa min abin da likita ya ce."

Ya zauna a bakin gado. "Ya ce za ki yi tafiya in kin dage. Amma da sanda, kuma ɗingishi ba zai bar ki ba. Maganar wata biyu ni na ƙirƙira. Ki yafe min."

Ta sauke ajiyar zuciya.

"Ɗingishi kawai? Ni da na ɗauka na kwanta ke nan har mutuwa? Alhamdulillahi! Miƙo min sandar nan."

Taku shida ta yi ranar, daga gado zuwa ƙofar ɗaki, ta daɗe kafin ta kai. Baba Sauri na gefenta, hannunsa a bayanta, yana gode wa Allah da Ya tona masa asiri tun da sauran lokaci. Da ta yi ƙoƙarin ƙara na bakwai, shi ne ya tare ta.

Ya ce, "A hankali, Malama. Ina za ki da sauri haka?"

Darasi: Ƙaryar tausayi ma ƙarya ce, kuma ranar da aka gano ta, har gaskiyarka sai ta daina shiga. Ka faɗa wa naka gaskiya cikin taushi, sau da yawa ta fi abin da yake tsoro sauƙi. In kuma ka ɓata amana, haƙuri ne kaɗai ke gyara ta. Ku tura wa duk wanda ke jinyar wani nasa, wataƙila yau yake buƙatar jin wannan.