Kwalbar da Ba Ta Raguwa

Ya 'yan uwa, ku ba ni hankalinku. An yi wani mutum mai gyaran waya, shagonsa a ƙofar gidansa yake. Yana salla, ba ya zagi, ba a taɓa kama shi da kayan wani ba. In kun gan shi za ku ce mutumin kirki ne.

Matarsa malamar makaranta ce. Kullum da safe takan miƙa masa 'yarsu, wadda ba ta cika shekara biyu ba, ta ce, "Ga amana nan, sai na dawo." Yarinyar kuwa akwai ƙiriniya. Ta ja wayar caji, ta watsar da 'yan ƙusoshin da ya jera a faranti, ta hau bayansa yana tsakiyar aiki. 'Yar Baba yake ce mata, kuma yana son ta, wannan ba ƙarya ba ne.

To, matar tana fama da atishawa da ƙaiƙayin ido. Akwai maganin ruwa da take shan cokali ɗaya in za ta kwanta. Ranar da suka saya, mai kemis ya ja musu kunne. Ya ce, "Yana sa barci sosai. In an sha kar a yi tuƙi, kar kuma a wuce adadin da aka rubuta. Don Allah, Malam, a ɗora shi sama, ba na ƙananan yara ba ne."

Duk bayanin nan, abu ɗaya ya zauna a kansa: yana sa barci.

Wata rana aiki ya sha masa kai, yarinya na ta rigima. Ya shiga ɗaki, ya ɗura mata rabin murfi. Ta yi barci har azahar, shago ya yi tsit. Kashegari ya sake. Don kada matarsa ta ga kwalba tana raguwa, duk abin da ya ɗiba sai ya cike gurbinsa da ruwa.

Kun ga yadda Shaiɗan yake aiki? Ai ba zai ce maka ka cuci 'yarka ba. Cewa zai yi rabin murfi ne kawai.

Magani ya yi ta zama ruwa. Rabin murfi ya daina aiki, ya koma ɗaya, ya koma biyu, har ya kai huɗu. Matar ta ce, "Ni yarinyar nan kasala ta yi mata yawa, bakinta kullum a bushe." Ya ce, "Haƙori take yi."

Ita ma ta ga maganin ya daina yi mata komai, ta ɗauka lalacewa ya yi. Ta jefar, ta sayo sabo iri ɗaya, ta sha cokalinta, ta ajiye a saman kwaba inda tsohon yake zama. Ba ta faɗa masa ba. Me za ta faɗa? Ai maganinta ne.

Da safe ya auna murfi huɗu kamar kullum. Ya ga kamar ya fi kauri, amma ana sallama a shago, ya ɗura wa yarinyar ya fita.

Wannan karon ba ta yi barci ba. Fuskarta ta yi ja, jiki kamar wuta, ba gumi ko ɗigo. Ya ɗora hannu a ƙirjinta, ya ji zuciya na bugawa kamar za ta fito. Ya kira ta, ta zuba masa ido ba ta gane shi ba. Sai jijjiga.

Ya sungume ta sai asibiti. Matar ta iso a guje, da alli a hannunta. Likita ya tambaye su, "Ta sha wani abu? Magani, kananzir, komai?"

Ya dubi matarsa. Ya ce, "Ba ta sha komai ba."

Inna lillahi! Sau uku likita yana tambaya, sau uku yana cewa a'a. Tsoro ya kama shi, amma kunyar matarsa ta fi ƙarfinsa. Likitoci suka bi zazzaɓi, suka bi sanƙarau, lokaci na tafiya.

Sai bayan la'asar, da numfashinta ya fara sarƙewa, ya ce, "Likita, maganin atishawa ne. Murfi huɗu."

Likita ya ce, "Tun safe kana tsaye a nan da wannan maganar a bakinka?"

Kafin magariba yarinya ta cika.

Matar ba ta zage shi ba. Cewa ta yi, "Da hannuna na sayo sabuwar kwalbar. Me ya hana ka ce mini ta dame ka? Da na goya ta na tafi da ita."

Bayan kwana bakwai ta kwashe kayanta. Shi kuwa yana nan a shago, amma ko ƙusa ɗaya ba ya iya ɗaurewa. Shirun da ya nema ya samu, ba mai jan wayar caji, ba mai hawa bayansa.

Ya 'yan uwa, maganin ba shi da laifi, an yi shi ne don mai lalura, an kuma faɗi ƙa'idarsa. Mutumin nan amana ya ci, ya rufe ta da ruwa, ya rufe ruwan da ƙarya. Wa ya sani, da ya faɗi gaskiya tun safe? Wannan tambayar ce za ta bi shi har kabari. A cikinmu nan, wa ke ba yaro magani don ya samu sarari? Wa ke ƙara cokali don na jiya bai yi ba? In kuskure ya auku, ku gaya wa likita nan take, ko da za a tsine muku.

Ya Allah, kar ka jarrabe mu a kan 'ya'yanmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda aka bar mana amanarsu. Amin.