Shanyar Shinkafar da Ta Kusa Hana Shu'ibu Zuwa Teku

Akwai wani bakanike a Haɗeja mai suna Shu'ibu, wanda mutanen unguwarsu suka daɗe da yarda cewa noti ɗaya ya kwance a kansa.

Dalili kuwa, lokacin da yake tuƙa babbar mota zuwa Dakar ta ƙasar Senegal, ya ga wani wasa a bakin teku. Mutum zai tsaya a kan dogon allo, ya riƙe ƙaton ƙyalle da aka ɗaure a jikin sanda, iska ta yi ta gudu da shi a kan ruwa. Shu'ibu ya ɗan koya, abin ya shiga ransa. Ya dawo gida da tsohon allo da ƙyallensa, ya yi wa kansa alkawarin sai ya koma ya hau tekun nan son ransa.

Shekara goma sha bakwai alkawarin nan yana jira. Duk lokacin da kogi ya cika fadama, sai ya je tafki ya yi ta gwadawa, masunta suna dariya har da riƙe ciki.

Da ya aurar da 'yar autarsa, sai ya sayi ƙwarangwal ɗin wata bas. Ya gyara injin da hannunsa, ya cire kujeru, ya sa katifa da tukunyar gas da jarkokin ruwa, ya kafa kanta ta ajiye gari da busasshen kifi. Matarsa Safara'u ta ce, "Malam, ƙafata ƙafarka. Ba za ka je ka nutse a ƙasar mutane ba ni ina nan ina jiran labari."

Gwiwarsa ta dama ta fara ciwo. Ya san in bai tafi bana ba, to magana ta ƙare.

Saura kwana biyar su tashi, ya wanke ƙyallen ya rataya a kan katanga, ya tafi gareji. Safara'u kuma ta fita sallama da dangi.

To lokacin kaka ne. Duk wanda ya zauna a wajenmu ya san cewa da kaka tabarma da tamfol ba su da mai su. Wanda ya gani ya ɗauka ya yi shanya, daga baya ya faɗa. Maƙwabciyarsu Inna Mairam, tsohuwar da mijinta ya rasu, ta turara shinkafa ta rasa inda za ta baza. Ta hango abu mai faɗi a kan katanga, ta ce alhamdu lillahi, ta ja shi zuwa bakin hanya, ta baza shinkafarta a kai.

Kafin la'asar garken shanu ya dawo daga mashaya, ya bi ta kai.

Da Shu'ibu ya iso, ƙyallen ya tsage gida uku, ga ramukan kofato ko'ina. Irinsa ko a Kano ba a samu, kuma ɗan ƙarfinsa duk ya ƙare a kan bas. Mutane suka taru. Musa mai shayi ya ce, "Malam Shu'ibu, wannan ai sai gaban mai unguwa. Wallahi kar ka yarda!"

Inna Mairam ta durƙusa a gabansa. "Ɗan nan, na rantse tamfol na zata. Ka yi min rai."

Zuciyar Shu'ibu ta taso har wuya. Maganar da za ta ƙona tsohuwar nan tana kan harshensa, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Sai idonsa ya kai kan shinkafarta da ta watse cikin ƙasa, abincinta na wata da watanni.

Ya haɗiye abin da ya haɗiye, ya ce, "Tashi, Inna. Kawo tsintsiya da ƙwarya mu tattara, kafin awaki su ƙarasa abin da shanu suka rage."

Sai da suka tsince shinkafar tsaf, sannan ya shiga bas ɗinsa ya rufe ƙofa. Ba zan ɓoye muku ba, kuka ya yi, babba da shi.

Washegari da sassafe Inna Mairam ta hau mota zuwa Birniwa. Da azahar sai ga ta da yayanta, Baba Zarami, dattijon da ya shafe shekara arba'in yana ɗinka tamfol ɗin manyan motoci. Ya shafa ƙyallen, ya ja shi, ya ɗaga shi ya duba ta hasken rana.

Ya ce, "Ƙanwata ta gaya min abin da ka yi. Da ka ɗaga mata murya, ko sarki ka aiko ba zan zo ba. A ba ni inuwa da mutum huɗu masu riƙe gefe."

Kwana uku ana aiki a zauren Shu'ibu. Matan unguwa suna riƙe gefe suna ja, Baba Zarami yana bi da basilla da zaren taru, ɗinki biyu biyu. Da aka gama, ƙyallen ya fito da faci shuɗi da rawaya da kore, kamar zanen gadon da aka haɗa da guntayen atamfa.

Aka ɗunguma tafki don gwaji, har da masu zuwa kallon abin dariya. Shu'ibu ya hau allo, ya ɗaga sanda, ya faɗa ruwa tsundum. Aka kwashe da dariya. Ya sake hawa. Wannan karon iska ta cika ƙyallen, ɗinkin ya yi ƙara kamar zai ɓalle.

Bai ɓalle ba! Allon ya tsaga ruwa a guje, ya wuce kwale-kwalen masunta ɗaya bayan ɗaya, ya kewayo ta bayan ciyawar kachalla. Mata suka rangaɗa guɗa. Musa mai shayi ya jefa hularsa sama, ta faɗa tafki, bai ko bi ta kanta ba.

Washegari bayan sallar asuba bas ta tashi, allo ɗaure a samanta, unguwa guda tana rakiya har bakin gari ana ta "Allah ya kiyaye hanya".

Kwana ashirin da uku suka yi a hanya, ta Kwatano da Lome da Akara da Abijan, kafin su isa Dakar. Rannan sai Safara'u ta turo bidiyo a wayar Musa mai shayi. Teku ba iyaka, ga ƙyallaye sababbi fil na mutanen ƙasashe daban-daban, ga kuma wani mai faci kala uku yana keta tsakiyarsu.

Inna Mairam ta karɓi wayar ta bi gida gida da ita, tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi. "Ku zo ku gani! Ɗinkin Yaya ne a kan teku! Ya kai, wallahi ya kai!"

Darasi: Fushi bai taɓa ɗinke abin da ya yage ba. Idan wanda ya fi ka rauni ya yi maka ɓarna ba da gangan ba, ka riƙe harshenka, domin wataƙila ta hannunsa Allah zai kawo maka gyara. Ku tura wa wanda kuka san zuciyarsa a kusa take, ko ya tuna da Shu'ibu kafin ya buɗe baki.