Sunan Wa Za a Raɗa wa Ƙwaron Gonar Malam Cindo?

Jama'a, ku gyara zama, ga wata shari'a na kawo muku wadda ba ta da alƙali sai ku. Magana ce a kan wani ƙwaro da bai kai ƙwayar riɗi girma ba, da kuma mutumin da ya cancanci ƙwaron ya ɗauki sunansa har abada.

A wani ƙauye da ake kira Ɗinyar Kwari, shekara uku a jere tsutsa ta hana mutane cin geronsu. Takan shiga zangarniya tun tana fure, ta yi ta zagaya ta tana ci, sai ranar girbi manomi ya murza kan gero a tafin hannu ya tarar da ƙaiƙayi. A shekara ta huɗu wata cibiyar binciken noma ta turo musu Dakta Isiyaku Jatau, masanin ƙwari, mutum mai kamun kai, wanda ba ya faɗin abu sai ya auna, in ya auna kuma sai ya rubuta. Ya sauka ranar sha biyu ga Satumba, ya zaga gonaki arba'in da ɗaya cikin kwana shida. A gonaki arba'in, cikin kowace zangarniya goma, bakwai sun lalace. A ta arba'in da ɗaya kuwa, ɗaya ce tak cikin goma. Dakta ya zaci kuskuren lissafi ne, ya sake ƙirgawa sau biyu, adadin bai motsa ba.

Gonar ta Malam Cindo ce, wani dattijo da idonsa ya yi rauni har ya bar aiki a hannun 'ya'yansa uku. Babbansu Nomau, shi ke riƙe da gonar, da rani kuma yana saƙar zana. Mai bi masa Hansatu, matar aure ce mai sana'ar fura. Autansu Shekarau, magidanci mai ɗinkin hula.

Dakta ya fara da Nomau. Ya tambaye shi irin da yake shukawa da takin da yake zubawa, duk ɗaya ne da na maƙwabta. Abu guda ne ya bambanta. Al'adar garin ita ce da an gama girbi a cinna wa iyakokin gonaki wuta don a kori macizai da ɓeraye. Nomau kuwa shekara goma sha tara bai bar wuta ta taɓa gambar da ta kewaye gonar ubansa ba, domin da ita yake saƙa zanarsa. Yakan yanki rabi ya bar rabi a tsaye, ya share faɗin taku biyar a gefenta don kada wutar maƙwabta ta tsallako. An yi masa ba'a har an gaji, an laƙaba masa makiyayin macizai, an kai ƙararsa wurin mai gari sau biyu, bai fasa ba. Da Dakta ya kaɗa ragarsa ta kamun ƙwari cikin gambar nan, sai ya kamo waɗansu 'yan mitsitsin ƙwari masu siririn ƙugu, dangin zanzaro, waɗanda bai gani a ko ɗaya daga cikin gonakin da aka ƙone ba. Nan suke fakewa su ƙetare rani.

Sai dai raga ta kakkarya musu fukafukai, kuma duka biyar da ya kama mata ne. Ƙa'idar masana ita ce ba a bayyana ƙwaro sai an sami namiji da mace cikakku, an kuma san abin da yake ci. Kwana tara Dakta yana nema bai dace ba.

Rana ta goma Hansatu ta kawo wa baƙo fura, da wata kwalba a ɗaure cikin mayafinta. Tun makonni uku baya, tana murzar sabon gero, ta riƙa ganin matattun tsutsotsi da wani farin abu kamar ƙwayar acca manne a jikinsu. Ta ɗauka ƙwan tsutsar ne, ta yi rantsuwa sai ta ga fuskar 'ya'yan maƙiyin da ya rage mata kwano. Ta tsince su da tsinke ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a kwalbar zuma da ta ƙare, ta ɗaure bakin da ƙyalle, kullum tana jefa musu ɗanyen gero da tsutsa mai rai don kada su mutu kafin ta gan su. Ɗan zuman da ya maƙale a gindin kwalbar shi ya ciyar da abin da ya ƙyanƙyashe.

"Malam Dakta," in ji ta, "da murhu zan jefa su. Sai na ga ɗa ya haye uwa yana soka mata tsini, ta miƙe ba ta ƙara motsi ba. Na ce a'a, wannan ba ɗanta ba ne, mahaucinta ne."

Dakta ya ɗaga kwalbar ga hasken rana. Ƙwari ashirin da uku ne, mata sha huɗu, maza tara, ko fiffike ɗaya bai karye ba. Mutumin da ba a taɓa jin dariyarsa a garin ba, ran nan har bakin kasuwa aka jiyo ta.

Ya kafa madubinsa na ƙara girma a barandar makarantar firamare, ya buɗe babban littafin da aka zana ƙwarin wannan dangi, ya gwada. Ya sami wani da ya yi kama da nasu ƙwarai, wanda aka bayyana tun da daɗewa. Ya ce a ransa, to, sananne ne, ba laifi, tun da yana kashe tsutsa. Har ya rubuta tsohon sunan a takarda zai liƙa, sai ga Shekarau ya zo auna kansa, domin Malam Cindo ya sa a ɗinka wa baƙo hula. Ya nemi izini ya leƙa madubin. Ya dubi ƙwaro, ya dubi littafi, ya sake duban ƙwaro, leɓensa na motsi kamar yadda yake yi in yana ƙirga zaren hula.

"Ranka ya daɗe, wanda ya yi zanen nan ya ci zare uku."

"Kamar yaya?"

"Ƙahon na littafi gaɓa ashirin da huɗu ne. Na wannan ashirin da bakwai. Ga jijiyar fiffike nan kuma, tasu miƙe take, tamu ta lanƙwasa kamar ƙugiya. In na kai wa mai hula aiki da irin wannan bambanci, dawo mini da shi zai yi."

Dakta ya yi kwana huɗu yana ƙirga gaɓoɓin duka ashirin da ukun, bai sami ko ɗaya da ya saɓa wa maganar mai hula ba. Ya yaga takardar da ya rubuta. Shekarau ya zana ƙwaron da hannunsa, namiji da mace, sama da ƙasa, aka aika wa masana na ƙasashe da dama tare da samfuri. Bayan wata bakwai amsa ta zo: ba a taɓa bayyana wannan halitta ba.

A ranin nan ba wanda ya ƙona gamba a Ɗinyar Kwari. Da damina ta kama, Hansatu ta koya wa mata yadda ake renon ƙwarin a kwalabe a rataye su cikin gonaki. Da kaka ta zo Dakta ya koma ya ƙirga, ya tarar zangarniya biyu ce kawai cikin goma ta taɓu. Rumbunan da suka shekara huɗu a buɗe aka yaɓe su aka cika, makaɗa suka fito da gangunan noma, waɗanda suka kai ƙarar Nomau su suka fara zuwa roƙon saiwar gamba.

A tsakiyar wannan murna Dakta ya tara iyalin Malam Cindo a ƙofar gida, mai gari na zaune. Ya bayyana musu cewa ya gama rubuta bayanin ƙwaron, saura gurbi ɗaya. Sunan kowace halitta a wurin masana kashi biyu ne. Na farko na dangi ne, ba mai taɓa shi. Na biyu wanda ya bayyana ta ke zaɓa, kuma in an buga shi ba a sake shi, duk ƙasar da aka ambaci ƙwaron da shi za a kira shi. Bai dace mai bayani ya sa sunan kansa ba, don haka ya ce a sa na garin.

Mai gari ya girgiza kai. "Garin da ya yi shekara da shekaru yana ƙona gidan ƙwaron? Ina! Kunya ba za ta bar mu ba."

Dakta ya ce to a sa na mahaifinsu.

Malam Cindo ya yi dariya. "Ɗana, ni ko akuya sai ta yi kuka nake sanin tana gabana. Abin da ban gani ba ba zan amsa sunansa ba. Ga masu aiki nan."

"Ai magana ta ƙare," in ji Nomau. "Wa ya ba shi masauki shekara sha tara ana zagina?"

Hansatu ta ce, "Masauki, Yaya? Baƙon da ba ka san yana gidanka ba? Ni na yi renonsa, ni na ga aikinsa."

"Ke da kika tashi jefa shi murhu!" in ji Shekarau. "Ba don ni ba, da yanzu yana cikin akwati da sunan wani."

Hansatu ta mayar masa, "Kai Auta, rufe mana baki. Leƙe ɗaya ka yi, ka zo auna kai ka tsinci suna."

Aka kwashe da dariya, har mai gari na share hawaye. Dakta kaɗai bai yi ba, domin shi ke riƙe da alƙalami. Ya dubi Nomau ya ga da ya bi al'ada ya cinna wuta, da ƙwaron ya ƙare ba wanda ya san an halicce shi. Da ya juya ga Hansatu, ya tuna kwana taran da ya yi yana nema a banza, da cewa hujjar da ta ceci geron gari daga kwalbarta ta fito. Shekarau kuma, shi ya sa aka san akwai sunan da za a raɗa tun farko. Gurbin ɗaya ne, kuma takarda ba ta tafiya sai an cike shi.

To, jama'a, ga alƙalamin nan na miƙa muku. Tsakanin wanda ya tsare ƙwaron, da wadda ta rene shi, da wanda ya gane shi, sunan wa ya cancanci Dakta ya rubuta?