Sarkin Da Ya Tara Dinaran Matattu

An ce wani sarki ya taɓa mulkin wata ƙasa mai albarkar noma, wadda hatsinta ke ciyar da ita har ya ciyar da maƙwabta. Sarkin nan ba mugu ba ne a asalinsa, ba ya son zubar da jini, ba ya kuma ƙyamar malamai. Sai dai Allah ya jarrabe shi da son abu guda, wato tsofaffin kuɗin zinariya da na azurfa waɗanda sarakunan dauri suka buga. Ba don ya kashe yake tara su ba, don kallo ne kawai. Tun yana ɗan sarki wani falke ya ba shi dinari mai wani rubutu da ba wanda ya iya karantawa, daga ranar son abin ya shiga ransa bai sake fita ba.

Da ya hau gadon sarauta sai ya sa aka gina masa ɗaki na musamman a cikin gida, aka jera akwatuna, aka shimfiɗa karan-miski a cikinsu. Shi da kansa yake wanke na azurfar da toka da lemun tsami, ba ya yarda bawa ya taɓa. Ya san kowanne kamar yadda uwa ta san 'ya'yanta: ga mai hoton dabino, ga mai kan wani mutum marar gemu, ga wanda aka zagaye bakinsa da sunan Allah.

A yammacin ƙasar akwai kufan wani tsohon birni. Wata rana wani manomi yana sharar gona a gefen kufan, sai fartanyarsa ta fasa wani tulu cike da dirhamai, suna walƙiya kamar jiya aka buga su. Aka kai wa sarki. Sarki ya yi murna ƙwarai, ya ba manomin riga da doki, ya kuma sa aka yi shela cewa duk gidan da ya kawo tsohon kuɗi irin wanda babu a akwatunansa an yafe masa haraji, garin da bai kawo kome ba kuwa a ninka masa.

Wazirinsa, wani dattijo mai suna Ukashatu, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, hadari ya fara haɗuwa a gabas. In mutane suka tafi tono, wa zai yi shuka?"

Sarki ya ce, "Ya waziri, gero kowace shekara yana fitowa. Dinari irin wannan kuwa in ya wuce ni ya wuce ke nan."

Waziri ya ga ba a bar masa ƙofar magana ba, ya koma gurin zamansa.

Mutane suka bar gonaki suka nufi kufai, waɗansu don kwaɗayi, mafi yawa don tsoro. Hakimai suka matsa wa dagatai, dagatai suka matsa wa masu unguwa. Aka tsinke wa mata tsakiyoyin da suka gada daga kakanninsu don a cire 'yan azurfar da ke jiki. Ruwa kuwa ya sauka a shekarar nan irin wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, ya sauka a kan gonakin da ba a shuka ba, ciyawa ta sha ta yi tsawo.

Sarki ya ɗora ɗan waziri, wani saurayi mai suna Zubairu, a kan masu tono, yana ganin girma ya ba uban. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, wani rami mai zurfi ya rufta da Zubairu da mutanen da ke tare da shi. Manzo ya iso fada da rana tsaka, laka har gwiwa, yana rungume da wani ƙaramin tulu. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, rami ya rufta. Zubairu da jama'arsa Allah ya yi musu cikawa. Wannan ne abin da suka miƙo waje kafin ƙasa ta zubo."

Kafin sarki ya yi salati, sai bakinsa ya riga shi, ya ce, "Na zinariya ne ko na azurfa?"

Waziri yana zaune a gurinsa na kullum, ya sunkuyar da kai, ya yi Innalillahi a hankali. Sarki ya farga, ya yi ta'aziyya, ya aika da likkafani, amma abin da aka ji an riga an ji. Waziri bai bar zuwa fada ba, sai dai daga ranar bai ƙara ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

Duk da haka ran sarki bai kwanta ba, don akwai kuɗin da ya fi so bai samu ba. A cikin sarakunan dauri akwai wani da ake kira Mai-Rijiya, wanda har a lokacin tsofaffi ke ba da labarin adalcinsa. An tone kufai ciki da waje, ba a sami ko dirhami ɗaya mai sunansa ba. Sarki ya tambayi waziri ko akwai wanda zai san dalili.

Waziri ya ce, "Akwai Malam Mu'allayidi, wanda ya yi alƙalanci a zamanin mahaifinka. Ya yi yawon neman ilmi har Masar. Yanzu idonsa ya mutu, yana zaune a bayan gari."

Aka je aka zo da shi, tsoho ramamme, riga ɗaya a jikinsa. Sarki ya kai shi har ɗakin akwatuna, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya ɗauko dinarin da ya fi ji da shi ya sa masa a hannu.

Malam ya shafa shi da yatsa, ya daɗe yana juya shi, sa'an nan ya ce, "Ya sarki, wannan fursuna ne."

Sarki ya ce, "Allah ya gafarta Malam, yaya kuɗi zai zama fursuna?"

Malam ya ce, "Rubutunsa yana da kaifi har yana neman yanka ni. Bai taɓa shiga kasuwa ba. Bai sayi mudun dawa ba, bai biya sadaki ba, bai sallami ɗan ƙodago ba. Daga hannun maƙeri sai tulu."

Sarki ya yi murmushi, ya ce, "Ai darajarsa ke nan."

Malam ya ce, "To, ina da tambaya. Wa ya binne tulun?"

"Mai shi."

"Me ya hana shi dawowa ya tone abinsa?"

Sarki ya ce, "Wataƙila mutuwa."

Malam ya ce, "Mai mutuwa a kan gadonsa yana gaya wa ɗansa inda ya binne. Wanda ba ya samun faɗa shi ne wanda garinsa ya watse a kansa, ba ɗa, ba bawa, ba maƙwabci. Ya sarki, duk abin da ke cikin akwatunan nan gadon da ya rasa magaji ne. Ka tara sunayen sarakunan da suka kulle dukiya har ƙasarsu ta zama kufai, kana wanke musu fuska da lemun tsami."

Fuskar sarki ta sauya, amma ya danne fushinsa, ya ce, "Ba wannan na kira ka ka faɗa mini ba. Ina kuɗin Mai-Rijiya?"

Malam ya laluba aljihunsa, ya fito da wata 'yar azurfa siririya, ta siɗe sumul, ba rubutu ba hoto. Ya ce, "Ga shi. Kakana ya bar wa ubana, ya ce na Mai-Rijiya ne."

Sarki ya duba gaba, ya duba baya, ya ce, "Ai babu kome a jiki."

Malam ya ce, "Hannuwan talakawa ne suka cinye sunan. Mai-Rijiya bai bar kuɗi ya kwana a taskarsa ba. Yau yana hannun mai haƙa rijiya, gobe yana hannun mai sayar da gishiri, jibi yana hannun gwauruwa. Sunansa ya goge daga azurfa, ya koma bakin mutane. Waɗannan naka kuwa sunansu yana nan daram, amma tambayi duk wanda ka so a ƙasar nan, ka ji ko akwai mai yi musu addu'a."

Sarki ya juya ga waziri, muryarsa ta yi ƙasa, ya ce, "An taɓa kawo mana irin wannan?"

Waziri ya ce, "An kawo da yawa, ya sarki, daga gidajen mutane. Ka ce ba su da amfani, aka ba maƙera suka narka. Waɗanda suka kawo kuma aka yi musu bulala, aka ce sun raina sarki."

Sarki ya zauna a kan wani akwati. Can ya ce, "Malam, me zan yi?"

Malam ya ce, "Ni makaho ne, amma a kan hanyata ta zuwa nan ban ji ƙarar turmi ko ɗaya ba. Kai mai ido, fita ka duba."

Kashegari sarki ya hau, daga shi sai waziri da dogarai kaɗan. Kaka ta yi, amma ba zangarniya a gonaki, sai ƙarangiya da ciyawa sun bushe a tsaye. Suka wuce ƙauyuka, ƙofofi a buɗe, rumbuna a kife, karnuka na bin lungu. A wani ƙauye suka tarar da wata mata zaune a gindin murhu tana dafa ganyen tafasa, ba gishiri ba gari. Sarki ya tambayi ina mutanen garin. Ta ce waɗansu ramin kufai ya ci su, waɗansu sun bi hanyar kudu neman abinci, ita ta tsaya ne don uwarta ba ta iya tafiya.

Sarki ya zaro dinari ya miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta duba, sa'an nan ta ajiye shi a ƙasa gaban dokinsa, ta ce, "Ranka ya daɗe, kasuwarmu ta daina ci. In da ɗan tsaba a jakar dokinka, shi nake so."

Aka kwance jakar dawar da aka riƙo wa doki aka ba ta. Sarki ya juya linzami, suka koma gida.

Yana sauka ya sa aka fito da akwatunan nan duka, aka ɗora wa raƙuma, aka tura ayari ƙasashen maƙwabta sayen hatsi. Fataken can ba su dubi hoton dabino ko sunan wani sarki ba. Zuba su suka yi a mizani kamar kowane ƙarfe, kuma da suka ga masu saye a matse suke, suka tsuga kuɗi. Hanya ga nisa, raƙuma ga nauyi. Kafin ayari ya dawo, yunwa ta gama abin da za ta yi. An binne yara da tsofaffi har masu haƙa kabari suka gaji, waɗanda suka yi ƙaura kuwa sun sami wani sarkin sun yi masa mubaya'a. Aka jibge buhuna a ƙofar fada, aka yi shela, masu zuwa karɓa ba su kai masu rabawa yawa ba.

Sarki ya sa aka ɗauki buhu guda, ya bi shi da ƙafa tare da waziri zuwa gidan Malam Mu'allayidi. Ya tarar da ƙofa a rufe da ƙaya. Wani maƙwabci ya ce Malam ya rasu tun kafin ayari ya iso, don ɗan abin da ake kawo masa ma yakan mayar wa masu yara.

Da suka juyo, waziri ya tsaya a bakin hanya ya ce, "Ya sarki, ina neman izini. Na tsufa, ina so in koma kusa da inda ɗana yake kwance."

Sarki ya ce, "Ya Ukashatu, ka yafe mini."

Waziri ya ce, "Abin da ke nawa na yafe, duniya da lahira. Amma ba Zubairu kaɗai ke cikin ramin nan ba, sauran kuwa ba ni na haife su ba."

Ya yi sallama ya tafi, sarki yana tsaye yana kallonsa har ya ɓace.

An ce sarkin nan ya daɗe a duniya bayan wannan. Ya soke haraji, ya sa aka cike ramuka, ya zauna yana shari'a da kansa tun daga hantsi har la'asar, ba a kuma taɓa jin ya zalunci kowa ba. Amma unguwannin da suka watse ba su sake cika ba, ya mutu yana sarautar rabin gari. In baƙo ya zo ya yabi adalcinsa, sai ya girgiza kai ya ce, "Kada ka yabe ni, bawan Allah. Adalcin da ya zo a makare, ta'aziyya ne."