Zaren Aninin Hajjo da Jakin Na'Allah

Akwai wani manomin albasa da aka yi a wani ƙauye kusa da Dingyadi, zamanin mulkin Turawa, ana ce masa Na'Allah. Ba mugu ba ne, amma fa akwai baki, ga raina ƙaramin abu. Dukiyarsa a duniya biyu ce tak: 'yar fadamar da ya gada, da wani jaki mai farin baki da yake ɗora wa albasa zuwa kasuwar Bodinga da ta Shagari.

A wancan lokacin kuɗi mafi ƙanƙanta shi ne anini, wani ɗan ƙarfe mai huda a tsakiya. Sai ka haɗa goma kafin ka ga kwabo ɗaya. Gogan naku kuwa ko kallon arziki ba ya yi wa anini. In ya dawo daga kasuwa sai ya zazzage aljihu a tabarma, ya tsince kwabbai, ya tura wa matarsa Hajjo aninan da ƙafa.

"Ungo, tafi ki sayo raƙumi," ya kan ce yana dariya.

Hajjo takan tattara su ta adana. Ita sana'arta kaɗin auduga ce, kuma tana da wata ɗabi'a. Duk ranar da aka sayar mata da zare, kafin ta sayi ko gishiri, sai ta cire anini ɗaya ta zura a wani zare mai ƙwari. Na maigida da ya turo da ƙafa ma can suke zuwa. In sun cika goma ta ƙulle, ta jefa cikin wani tsohon tulu mai tsaga.

"Mi za ki yi da wanga tarkace?" in ji Na'Allah.

"Na ranar da ba a sani ba ne, Malam."

"Kayya, mata! Ni in na tashi ajiya, sule goma zan ajiye lokaci guda, bari dai in sayar da albasar bana."

Shekara uku yana wannan magana, ko sisi bai taɓa kwana biyu a hannunsa ba. Har ma wata rana da abokansa suka zo, ya zura hannu a tulun, ya tsinke ƙulli uku ya sayo musu goro. Hajjo ta yi kuka sosai. Shi kuwa cewa ya yi bai taɓa ganin mai kukan anini ba sai ita.

To, ranar da ba a sani ba ta zo. An gama karɓar haraji ke nan, kowa aljihunsa ya bushe, sai jakin nan ya tsinke igiya ya faɗa gonar gwajin auduga ta Bature, ya yi mata kaca-kaca. Dogarai suka kora shi Bodinga suka ɗaure. Aka ce tara sule biyar, wato kwabo sittin, nan da kwana huɗu. In Laraba ta wuce, za a sayar da jakin.

Jama'a, ku dubi halin da bawan Allahn nan ya shiga. Ga albasa ya tone ta jibge a fadama, rana na dukanta har ta fara laushi. Ba zai iya kai ta kasuwa ba sai da jaki, ba kuma zai samu jaki ba sai ya kai ta kasuwa.

Ya bi gida-gida neman aron jaki, duk an tafi da su dakon auduga. Ya je wajen yayansa, ya tarar shi ma akuyarsa ya sayar ya biya haraji. Ya ɗauki buhu ɗaya a ka ya taka har Shagari, wuyansa kamar zai karye, ya tarar kowa albasa ya kawo, an karya ta ƙasa warwas. Kwabo tara ya dawo da shi.

Sau biyu Hajjo tana cewa, "Malam, ka saurare ni mana," yana daka mata tsawa. "Ki bar ni da abin da ya dame ni! Wanga ba maganar mata ba ce."

Sai ga Ɗanbaba, wani dillalin albasa mai zaƙin baki, ya same shi a fadama ya yi tagumi.

"Na'Allah, ai abin bai kai haka ba. Ga sule biyar a aljihuna. Ka bar mini albasar nan duka, fadamar kuma ta zauna hannuna jingina."

Na'Allah ya shiga tsaka mai wuya. Ya san fadamar da ta shiga hannun Ɗanbaba ba ta fitowa. In ya ƙi, jaki ya tafi. In ya yarda, gadon ubansa ya tafi. Sai ya ce wa Ɗanbaba ya jira shi zuwa Laraba.

Ranar Laraba da hantsi ya sa malfarsa zai tafi gidan Ɗanbaba. Sai Hajjo ta tare ƙofa rungume da tulu.

"Yau kam ko za ka buge ni sai ka tsaya."

Ta ɗaga tulun ta maka da ƙasa. Zaren aninai suka zubo, ƙulli bayan ƙulli, wasu har sun yi baƙi don daɗewa. Na'Allah ya durƙusa, suka shiga ƙirgawa. Da suka haɗa da abin da ya samo a Shagari, sai ya zama saura kwabo uku kuɗin tara su cika.

Kwabo uku, ƙulli uku ke nan. Hajjo ta dube shi. Nan take ya tuna goron da ya saya wa abokai, kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga kai.

Ya kwashi zaren a cikin riga ya nufi Bodinga da sauri. A bakin kasuwa ya cire malfarsa, wadda yake ji da ita fiye da komai a jikinsa, ya sayar kwabo uku da anini ɗaya. Malamin da ke karɓar tara ya ga tulin aninai ya riƙe baki.

"Kai, wanga duk daga ina? Bara kake yi?"

"A'a, ranka shi daɗe. Mata gare ni mai hankali."

Da la'asar mutanen ƙauye suka ga Na'Allah tafe, kai ba malfa, rana ta gasa masa ƙeya, yana jaye da jakinsa. Ɗanbaba na zaune ƙofar gida yana jiransa, Na'Allah ya yi masa sallama ya wuce.

Da ya shiga gida ya tarar Hajjo na share ɓaraguzan tulu. Ya tsuguna gabanta, ya buɗe hannu, ga aninin nan ɗaya da ya rage.

"Hajjo, ki gafarce ni. Akwai sauran zare?"

Ta yi murmushi da hawaye a ido, ta tsinko zare daga mazarinta ta miƙa masa. Da hannunsa ya zura na farko.

Darasi: Kada ka jira sai babban kuɗi ya zo kafin ka fara ajiya, don matsala ba ta jiran ka sayar da albasarka. Duk abin da ya shigo hannunka, cire ɗan kaɗan tun kafin ka taɓa shi, ko canjin da kake rainawa ne, kuma kada ka tsinke shi don goron abokai. Ku tura wa duk wani Na'Allah da kuka sani, wanda kullum yake cewa sai wata mai zuwa zai fara.